Musanta, Ƙaryata da Danginsu: Aikatau na Kore Magana a Hausa, da Misalai daga Rikicin Gona a Ƙasar Minjibir

Tsakure

Musanta da ƙaryata aikatau ne biyu da masu magana da marubuta kan sa ɗaya a gurbin ɗaya, alhali kowanne da nauyinsa. Wannan maƙala ta bi ƙirarsu da yadda suke zama a jimla, sannan ta auna su a zauren dagaci, da gaban alƙali, da ɗakin labarai. An gina misalan a kan rikicin gona irin wanda aka saba gani a ƙasar Minjibir. Abin da ya fito shi ne, musantawa matsayi ce da wanda ake tuhuma ke ɗauka, ƙaryatawa hukunci ce a kan magana da mai ita, rushewa kuwa ba ta yiwuwa sai da hujja.

1.0 Gabatarwa

Hausa tana kore magana ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce korewar nahawu, wadda ake yi da ba … ba, ko babu, ko kada, kamar a ce, "Ban sayar da gonar ba." Ta biyu ita ce amfani da aikatau da ke ba da labarin korewar, kamar a ce, "Ya musanta sayar da gonar." A jimla ta farko mai gona ne ke magana da bakinsa. A ta biyu wani ne ke rawaito abin da ya ce, kuma aikatau ɗin da mai rawaitowa ya zaɓa yakan nuna inda shi kansa ya karkata, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙaramar hukumar Minjibir, ɗaya daga cikin 44 na Jihar Kano, tana arewa maso gabas da birnin Kano, kuma garuruwanta sun haɗa da Kunya, da Wasai, da Kantama. Tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960 saboda yawan jama'a da matsatsin gonaki. A irin wannan wuri ba a barin gona ta huta. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa kowace damina, taki ne ke riƙe ƙasar, gado kuma yana ta daddatsa gonaki daga kaka zuwa jika. Inda taku biyu na ƙasa ke da daraja, da'awa da korewarta ba sa yankewa, shi ya sa maganar gona ta dace da gwada waɗannan aikatau.

2.0 Ƙirar Kalmomin

Ƙaryata ta fito ne daga suna, wato ƙarya, da ɗafa-ƙeya -ta mai mayar da suna aikatau. Paul Newman ya yi bayanin wannan ɗafi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Ita ce ƙirar da ta ba da tsorata daga tsoro, da wakilta daga wakili, da hanzarta daga hanzari. Kishiyar ƙaryata, wato gaskata, ita ma haka aka gina ta daga saiwar gaskiya. Ma'anar ɗafin a nan ita ce jingina wa abu wata siffa: gaskata magana ɗaukar ta ne a matsayin gaskiya, ƙaryata ta kuma kiran ta ƙarya ne.

Musanta dangin musu ce da musa, kuma ta ɗauki -nta, wanda ake gani a nesanta daga nesa, da sabunta daga sabo, da jagoranta daga jagora. Saiwarta ba ta ƙunshi ƙarya ba. Jayayya kawai ta ƙunsa. Daga nan bambancin kalmomin biyu ya faro. Ya kamata kuma a raba ta da musanya, dangin musaya, wadda sauti kawai ya kusanta su.

A tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, ƙaryata da musanta da gaskata duk 'yan giredi na ɗaya ne. Suna ƙarewa da wasalin a a kowane muhalli, kuma sunan aikinsu yana ɗaukar -wa idan babu karɓau a gaba: ƙaryatawa, musantawa. Ƙalubalanta, wadda ake yawan haɗa su da ita, 'yar giredi na biyu ce, don haka wasalinta na ƙarshe yana sauyawa:

(1) Ya musanta maganar. / Ya musanta ta.
(2) Ya ƙalubalanci maganar. / Ya ƙalubalance ta.

Idan ana son nuna cewa magana ta fi ƙarfin a kore ta, sai a koma giredi na bakwai, a ce ba ta musantuwa, ko ba ta ƙaryatuwa.

3.0 Ginin Jimla da Ma'ana

Akwai gwaji huɗu da ke fito da bambancin musanta da ƙaryata da danginsu a fili.

Na farko ya shafi karɓau. Ƙaryata tana karɓar magana, tana kuma karɓar mutum. Musanta magana kawai take karɓa.

(3) Manomin ya ƙaryata maƙwabcinsa.
(4) Manomin ya musanta maganar maƙwabcinsa.

Kunnen Bahaushe ba ya jin daɗin "ya musanta maƙwabcinsa." In mutum ake son ambata, sai a ɗauko musa da karɓau kaikaitau, a ce ya musa masa, ko a ce ya yi musu da shi. Wannan ne ya sa ƙaryata take da zafi: kai tsaye take sauka a kan mutuncin wanda ya yi magana.

Na biyu ya shafi aikau. Musantawa aikin mai baki ce, sai mutum ko hukuma. Ƙaryatawa kuwa abu marar rai ma yana yin ta.

(5) Takardar jinginar ta ƙaryata shi.
(6) Tushen gambar da ke kan iyaka ya ƙaryata da'awarsa.

Ba a cewa takarda ta musanta, sai dai a zancen azanci. A (5) da (6) ƙaryata ta tashi daga furuci ta koma tabbatarwa, domin hujja ce ke aikin. Ke nan kalmar fuska biyu gare ta. Idan mutum ne aikau, faɗa ya yi cewa ƙarya ce, kuma yana iya zama shi ne maƙaryacin. Idan hujja ce aikau, an riga an nuna ƙaryar.

Na uku ya shafi abin da zai iya biyo baya ba tare da jimla ta ci karo da kanta ba.

(7) Ya musanta cin iyaka, amma da aka je gonar sai ya amsa.
(8) Shaidu sun rushe da'awarsa, amma daga baya ta tabbata.

Jimla ta (7) lafiyayya ce, domin musantawa ba ta yanke komai ba. Ta (8) tana da tsami, domin abin da aka rushe ba a sa ran ganin sa a tsaye. Rushe, da warware, da soke, aikatau ne masu nuna cin nasara, ba a amfani da su sai an gama magana.

Na huɗu ya shafi abin da mai rawaitowa ya riga ya ɗauka a ransa. A kwatanta:

(9) Ya musanta zargin da ake yi masa.
(10) Ya musanta laifinsa.
(11) Ya ƙi amsa laifinsa.

A (9) mai rawaitowa bai shiga maganar ba. A (10) ɗan ƙaramin wakilin sunan nan na mallaka, -nsa, ya riga ya liƙa wa mutumin laifin kafin a saurare shi. A (11) an ƙara da nuna shi a matsayin mai taurin kai. Jimlolin uku suna iya ba da labarin furuci ɗaya tak, wato "Ban yi ba," amma hukunci uku suka yanke.

4.0 Sauran Dangi

Inkari aro ne daga Larabci, ana cewa yi inkari, kuma mazauninsa bakin malamai da alƙalai. Kishiyarsa iƙirari. A wajen tafsiri kuwa malamai kan fassara aikatau ɗin Larabci kazzaba da ƙaryata, musamman a labarin al'ummomin da suka bijire wa manzanni. A wannan muhalli mai ƙaryatawa shi ne a kan ɓata, wanda aka ƙaryata kuma shi ne mai gaskiya. Wannan ƙarin shaida ne cewa kalmar, idan mutum ne aikau, ba ta tabbatar da komai game da gaskiyar abin da aka kora.

Nesanta kai da barranta ba sa kore aukuwar abu. Hannun mai magana kawai suke cirewa. Wanda ya nesanta kansa daga cinikin gona bai ce ba a yi cinikin ba, cewa ya yi ba da shi aka yi ba. Yi watsi da, da yi fatali da, suna nuna ƙin karɓa tare da raini, ba sa buƙatar dalili. Wanke aikin mai hukunci ne ko shaida: kotu ta wanke shi. Idan mutum ya kore maganar da shi da kansa ya yi, akan ce ya janye, ko ya ƙaryata kansa, ko a zancen suka a ce ya lashe amansa.

Akwai kuma maganganun da ke zana yanayin musun: ya yi tsalle ya dire ya ce bai san zancen ba, ya ƙeƙasa ƙasa, ya yi kememe, ya yi mirsisi. Dukkansu suna ɗauke da shakkar mai ba da labari. Ba a faɗar su a kan wanda aka yarda da gaskiyarsa.

5.0 A Zauren Dagaci

Rikicin gona a ƙasar Minjibir, kamar sauran karkarar Kano, yakan fara ne a gaban dattawan gida, ya wuce wajen mai unguwa, sannan dagaci, sannan hakimi, kafin a kai ga kotu. Abin da aka fi ja a kai shi ne iyaka, da rabon gado, da itatuwan amfani irin su ɗorawa da kuka da tsamiya, da kuma tsohuwar tambayar nan: gonar nan sayar da ita aka yi, ko jingina aka bayar, ko aro?

A ɗauki misali da matashin da mahaifinsa ya rasu, ya zo fansar gona daga hannun ƙanin mahaifin. Baffan ya ce saye ya yi, ya biya kuɗi a gaban mutane shekaru da yawa da suka wuce. Matashin ya taso yana jin cewa jingina ce. A zauren dagaci, zai durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce wani abu kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ba musu nake yi da Baffa ba, uba ne a gare ni. Sai dai abin da marigayi ya faɗa mana kafin rasuwarsa, jingina ce. Wataƙila an yi mantuwa, shekarun da yawa."

A ma'ana, matashin ya kore maganar baffansa gaba ɗaya. A lafazi kuwa ya kauce wa ƙaryata, ya kauce wa musa ma, ya jingina tasa maganar ga mamaci, ya kuma buɗe wa dattijon ƙofar fita da kalmar mantuwa. Da ya ce "Ƙarya ne," zancen gona ya tsaya ke nan, a koma zancen rashin kunya, kuma ko yana da gaskiya sai ya ba da haƙuri kafin a ci gaba. Shi ma baffan, in ya ji an matsa, abin da zai tambaya shi ne, "Ƙaryata ni kake yi?" Ba zai ce "Musa mini kake yi?" da irin wannan zafin ba, domin musu abu ne da ake yi ko a hira, ƙaryatawa kuwa cin fuska ce.

Wanda ya halarci zaman, in ya koma gida, yana da zaɓi. Zai iya cewa yaron bai yarda ba, ko ya musa, ko ya ƙaryata baffansa a gaban jama'a. Na ukun kaɗai ya isa ya ɓata wa matashin suna a unguwa, ko da bai furta kalmar ba.

Dagaci kuwa aikinsa shi ne fitar da magana daga musu zuwa hujja. In iyaka ce, akan tashi a je gonar tare da dattawan da suka san ta, a duba jerin gamba ko bini-da-zugu ko lallen da aka dasa a matsayin shaida, a nemi tsohon kututture. A nan ne karin maganar nan, gani ya kori ji, ke aiki, kuma aikatau ɗin da ke cikinsa, kora, shi ne ainihin abin da hujja ke yi wa da'awa. Bayan an gani, mutane kan ce ƙasa ta ƙaryata wane, kuma ba wanda ke jin an yi rashin ladabi, tun da ba bakin yaro ne ya faɗa ba.

6.0 A Gaban Alƙali

Kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano, waɗanda suka gaji kotunan yanki bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, suna bin mazhabar Malikiyya. Alƙalai na dogara da littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. A wannan tsari an rarrabe aikatau ɗin da ake magana a kansu rarrabewar da ta fi ta kowane fage kaifi.

Bayan mai ƙara ya karanta da'awarsa, akan nemi wanda ake ƙara ya amsa da ɗayan biyu, iƙirari ko inkari. Shiru ba amsa ba ce a wannan gaɓa, alƙali yana tilasta shi ya yi magana. In ya yi inkari, nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya, har da gona, hujja ita ce shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. In babu shaida, sai wanda ya musa ya rantse ya kuɓuta. In ya noƙe daga rantsuwa, abin da ake kira nukuli, sai a mayar da ita ga mai ƙara.

Wannan ya nuna cewa inkari ba hujja ba ne, buɗe ƙofar neman hujja ne. Wanda ake ƙara, in an kawo shaidu a kansa, ba ya kuɓuta da cewa ƙarya suke yi. Sai ya soki adalcinsu da dalili, kamar gaba ko kusancin dangantaka ko wata maslaha da suke da ita a shari'ar, wato tajrihi. Kafin yanke hukunci kuma akan yi i'izari, a tambaye shi ko yana da sauran abin da zai rushe hujjar da shi. A rubutun shari'a, saboda haka, musanta ko yi inkari ne ya dace da amsar farko, soka ya dace da shaidu, rushe ko warware kuma sai abin da ya tabbata.

Rashin musu ma yana da hukuncinsa a ƙa'idar hauzi. Wanda ya ga bare yana noma gonarsa, yana yin yadda ya ga dama da ita har shekara 10, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, amma bai ce uffan ba, ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi lokacin ya fi tsawo, akan kai shi shekara 40, saboda kara da kunyar da ke hana ɗan'uwa magana. Hauzi ba ya aiki idan aka tabbatar cewa aro ne, ko jingina, ko amana. Wannan ne ya sa a misalin matashi da baffansa kalma ɗaya, jingina, ita ce dukan shari'ar. Ladabin da ya hana matashin ƙaryata dattijo a zaure bai ɗauke masa wajibcin musantawa a fili, kuma a kan lokaci, ba.

7.0 A Kafafen Yaɗa Labarai

Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, zuwa Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, zuwa gidajen rediyo masu zaman kansu na Kano irin su Freedom, wanda ya fara a 2003, aikin jarida ya gina wa kansa salon kore zargi. Mai magana da yawun hukuma yakan ce zancen ba shi da tushe balle makama, ko babu ƙamshin gaskiya a cikinsa, ko ƙanzon kurege ne, ko shaci-faɗi, ko zuƙi-ta-malle. Waɗannan duk siffanta magana ne, ba hujja ba, kuma daidai ne a rawaito su a matsayin furucin wanda ya faɗa.

Matsalar tana tasowa ne a kanun labarai. Idan manoman da ke kusa da madatsar ruwa suka koka cewa an karɓe musu gonaki ba diyya, jami'i kuma ya ce ba haka ba ne, edita na iya rubuta ɗayan uku:

(12) Hukuma ta musanta zargin manoma.
(13) Hukuma ta ƙaryata manoma.
(14) Takardun biyan diyya sun ƙaryata zargin manoma.

Ta (12) ta bar magana a buɗe. Ta (13) ta kira talakawa maƙaryata da bakin hukuma, kuma saboda fuska ta biyu ta kalmar, mai sauraro na iya ɗauka an gama bincike. Ta (14) ba ta halatta sai ɗan jarida ya ga takardun da idonsa. Wasu labaran da ake fassarawa cikin gaggawa daga Turanci suna faɗawa wannan rami, domin mai fassara kan ɗauki kalmomin biyu a matsayin abu guda, ya riƙa sauya su don guje wa maimaici.

Bayyanar masu tantance gaskiyar labarai a intanet, irin su Dubawa da aka kafa a 2018, ta ƙara wa bambancin muhimmanci. Aikinsu shi ne bin diddigin hoto ko murya ko adadi har a gano asalinsa. In sun gama, ƙaryata da ma'anarta ta biyu ce ta dace da sakamakon, tun da bincike ne aikau. In aka yi ta kashe kalmar a kan kowace sanarwar kare kai, ranar da aka zo da hujja ta gaske ba za a sami kalmar da ta fi ta nauyi ba.

8.0 Kammalawa

Aikatau na kore magana a Hausa sun jeru ne bisa mataki. Musa da musanta da yi inkari suna nuna matsayin wanda ake tuhuma, ba su taɓa gaskiyar magana ba. Nesanta kai da barranta suna cire hannu. Yi watsi da yi fatali suna ƙin karɓa. Ƙaryata tana tsakiya: furuci ce mai taɓa mutunci idan mutum ne aikau, tabbatarwa ce idan hujja ce aikau. Rushe da warware da wanke su ne na ƙarshe, ba sa zuwa sai bayan shaida. Masu ƙamus, tun daga Bargery a 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun tattara kalmomin. Abin da malamin aji, da magatakardan kotu, da mai fassara labarai ke buƙata a kan haka shi ne tambayoyi biyu kafin zaɓen kalma: wane ne aikau, mutum ko hujja, kuma mene ne karɓau, magana ko mai ita.